Tumatir a Rataye: Labarin Damina Ɗaya a Tudun Wada

Duk mai yin cefane a kasuwar Tudun Wada ya san halin tumatir. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da 'yan lambun fadamar Galma da na wajen Hunkuyi suke ɗiba, sai ka ga kwanduna jibge a bakin hanya, har ana yanka shi ana shanyawa a yi kauɗa don kada ya ruɓe. Amma da zarar bazara ta kama, ruwan lambu ya ja baya, sai tumatir ya zama ɗan sarki. Daga Mayu zuwa Yuli uwargida takan tsaya gaban mai kashi, ta juya 'ya'ya huɗu a hannu, ta ajiye, ta je ta sayi na leda.

Wannan ne ya sa muka ce bari mu gwada noma shi a gida, mu auna shi da lokacin tsada. To, amma ina filin? Yawancin 'yan ƙungiyarmu na cikin gari a gidan haya suke, tsakar gida an shafe ta da siminti, ɗan abin da ya rage na ƙasa kuwa na awaki ne da kaji. Abin da ba shi da mai shi sai sararin da ke ƙarƙashin bakin kwano. Saboda haka muka ce a rataye.

Dabarar ba tamu ba ce. A Amurka an yi yayin wata jaka mai suna Topsy Turvy wajen shekarar 2005, wadda ake cika ta da ƙasa a rataye, tsiron ya fito ta gindi, kansa na kallon ƙasa. Mu ba mu da ita, ba mu kuma ga dalilin nemanta ba. Tsofaffin bokitan fenti masu cin lita 20 muka samo guda shida, muka wanke su sarai. Uku muka huda musu rami ɗaya a tsakiyar gindi, faɗinsa kamar inci biyu, don mu dasa a kife irin na Amurkawa. Sauran ukun muka yi musu ƙananan huji da ƙusa mai zafi don ruwa ya riƙa tsiyayewa, muka dasa ta sama yadda kowa ya sani.

Maganar ƙasa ita ce muka fi daɗewa a kai, kuma ita muke roƙon 'yan'uwa su fi lura da ita. Kada a ɗebo ƙasar tsohon lambu inda aka saba shuka tumatir ko tattasai ko gauta. Sau da yawa irin wannan ƙasa tana ɗauke da wata tsutsa da ido ba ya gani, wadda ke shiga saiwa ta sa ta yi ƙulu-ƙulu, tsiro ya tsumbure ya yi ta yaushi ko da an ba shi ruwa. Mu turɓaya muka haɗa da ruɓaɓɓen takin shanu da ɓuntun shinkafa, kowanne kashi ɗaya. Kafin a haɗa, mun yayyafa wa turɓayar ruwa, muka zuba a rabin duro, muka hura wuta a ƙarƙashi har ta yi tururi sosai, sa'an nan muka bar ta ta huce kwana biyu. Amfanin ɓuntu shi ne ya rage nauyi, ya kuma hana ƙasa daskarewa. Duk da haka bokitin da ya sha ruwa yakan kusa nauyin jarkar ruwa cikakkiya. Wannan mun koye shi da tsada: mariƙin bokiti ɗaya ya tsinke da tsakar dare, da safe muka tarar da tsiron a karye, kaji sun riga mu wurin. Tun daga ranar muka cire mariƙan, muka zarga waya mai kauri, muka ɗaura a jikin katakon rufi, ba a ƙusa ɗaya ba.

Iri biyu muka saya a shagon kayan gona, watau Roma VF da UC 82B. Dukansu gajeru ne, ba sa yin yaɗo mai tsawo, shi ya sa suka dace da bokiti. Haruffan VF ɗin nan alama ce cewa irin yana jure wa cututtukan yaushi guda biyu da ke zaune cikin ƙasa, amma ba su haɗa da tsutsar saiwar da muka ambata ba. Mun yafa irin a tsohuwar tasa a makon ƙarshe na Afrilu, muka ajiye a inuwa. Cikin mako guda ya tsiro. Da ya yi mako huɗu, tsawonsa ya kai kamar inci biyar, sai muka dasa da yamma, tsiro ɗaya a kowane bokiti. Wata 'yar'uwa ta so a sa bibbiyu don kada a yi asarar wuri. Mun hana, domin lita 20 da kyar take isar guda ɗaya.

A bangon da ke kallon gabas muka jera su, inda rana ke bugu tun daga hantsi har ta take tsaka. Tumatir yana son rana kamar awa shida a wuni. Wanda ya rataye shi can cikin rumfa zai sami ganye kore shar, amma ba zai ga 'ya'ya ba.

Da ruwa ya sauka sai muka gane babban amfanin ratayewa. Abin da ke kashe tumatirin damina a gona, yawancinsa daga ƙasa yake tasowa: ruwan sama ya bugi ƙasa, ya fantsama laka a ganyen ƙasa-ƙasa, ganyen ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, cutar ta yi ta hawa har ta cinye tsiron. Namu suna sama, laka ba ta kai gare su, bakin kwano kuma ya tare musu yawancin ruwan. Amma ga wani abin dariya. Ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, mu kuwa muna tsaye da buta muna ban ruwa, maƙwabta na kallonmu. Ba yadda za a yi, domin bokitin da ke rataye iska na bugunsa ta kowane gefe, yakan bushe da sauri fiye da ƙasar lambu. Kullum da safe ake ba shi, ranar da aka yi rana mai zafi a ƙara da yamma. Mun kafa baho a ƙarƙashin indararo, don haka ba mu sayi ruwan 'yan ga-ruwa saboda tumatir ba sai sau ƙalilan a watan Mayu. Ruwan wankin shinkafa ma yana yi. Ruwan sabulu da na omo kam a kai shi kwata.

Akwai mako guda a Yuli da aka yi sakaci, wanda aka bar wa aikin ya yi tafiya, bokitai suka bushe ƙayau kwana biyu, aka dawo aka malala musu ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai muka ga gindin 'ya'yan fari ya yi baƙi ya lotsa. Waɗansu suka ce cuta ce, a nemo maganin feshi. Ba cuta ba ce, feshi kuma ba ya maganinta. Idan ruwa ya yanke wa tsiro, sinadarin kalsiyam da saiwa ke jawowa ba ya isa ƙarshen ɗan tumatir, sai wurin ya mutu. Mun cire waɗanda suka lalace, muka daidaita ban ruwa, na bayansu suka fito lafiya.

Abinci kuma, tun da ruwa kullum yana wanke shi ta hujin gindi, dole a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Duk mako biyu mukan sa takin zamani 15-15-15 cikin murfin kwalba ɗaya, a gefen bokiti nesa da kara. Wanda ba shi da shi ya jiƙa busasshen kashin kaji mako guda, ya sirka da ruwa sosai kafin ya zuba.

Yanzu ga hukuncinmu a kan dasawa a kife. Ba mu ga ribarta ba. Tsiro ba ya yarda ya bi ƙasa, sai ya lanƙwasa wuya ya nemi sama, wurin lanƙwasar kuwa ya zama wurin rauni. Iskar hadarin Yuni ta karya ɗaya daga nan. Ruwan da ke ɗiga daga gindin bokiti kuma a kan ganye yake sauka, watau abin da muka gudu shi muka tarar. Ga inuwar bokitin kansa. Waɗanda aka dasa ta sama kuwa sun zubo rassa ta gefe, 'ya'yan suka yi ta reto, ba mu ko kafa musu sanda ba. Sai dai a rataye su yadda akuya ba za ta kai ba in ta yi tsaye da ƙafa biyu, domin ta gwada.

Ratayewa ba ta hana abin da ke da fiffike. Manomanmu ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da malamai ke kira Tuta absoluta, 'yan lambu kuma suka raɗa mata Sharon, ta share gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar Ɗangote da ke Kadawa a Jihar Kano ta tsaya don rashin abin niƙa. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, inda shi ma tumatirin ya samo asali, ta ɓulla a Sifen a 2006, daga nan ta yi ta yaɗuwa har ta iso mu. Uwarta wata 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai yawo da dare, tsutsar kuwa cikin naman ganye take shiga ta ci, ta bar wani fari-fari kamar takarda. Mun gan ta a farkon Agusta. A eka guda wannan tashin hankali ne, amma mai tsiro huɗu yana iya duba kowane ganye da safe, ya tsinke wanda ya kamu ya jefa a murhu. Haka muka yi, muka haɗa da feshin ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa kwana ɗaya aka tace, sau ɗaya a mako da yamma. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya ɗauki ganyen a leda ya nuna wa malamin gona, ko ya kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, tun da ga ta kusa da mu, kafin ya sayi magani a hannun mai talla.

Mun fara ɗiba a mako na biyu na Agusta, muka ci gaba har ƙarshen Satumba. Daga bokitai shida, huɗu suka kai labari. Ba wanda ya cika kwando, kada a yi zaton haka. Abin da aka samu shi ne 'ya'ya uku ko huɗu kusan kowace rana, watau na miyar gida ɗaya, ban da waɗanda ƙadangaru suka biyo bango suka ɓantara. Da ya fara ja ake cirewa, ya ƙarasa nuna a ɗaki.

Inda muka yi kuskure shi ne lissafin lokaci. Tsadar da muka yi niyyar tarewa a Yuni da Yuli ta fi tsanani, mu kuwa namu bai nuna ba sai da tumatirin damina ya soma shigowa kasuwa. Daga dashe zuwa ɗiba Roma yana cin kusan kwana 75. Don haka baɗi za mu yafa iri a farkon Afrilu, mu dasa a farkon Mayu. Ba za mu matsa gaba da haka ba, domin furen da ya fito cikin tsananin zafin bazara zubewa yake yi bai ƙulla ba.

Da muka juye bokitan a Oktoba mun duba saiwoyin, farare ne tas, babu ƙulu ko ɗaya. Ƙasar mun zuba wa alayyafo, ba za a mayar da ita ga tumatir ba. Ƙungiyar da ta gwada nata da jarka ko buhu maimakon bokiti, ta aiko mana da labarin yadda ta kaya, da watan da ta dasa.