Statin Ba Maganin Komai-da-Ruwanka Ba Ne

Kwanakin baya ina tsaye a wani kemis ina jiran canji, sai wata baiwar Allah ta shigo ta miƙa wa yaron shagon wayarta. Saƙo ne aka turo mata a WhatsApp. Ta ce, "Ɗana, ba ni maganin nan na rage kitse, an ce har kansa da mantuwa yana hanawa." Bai nemi takardar likita ba, bai tambaye ta abin da take sha ba. Ya zaro katin simvastatin ya ce, "Hajiya, ɗaya da dare."

Jama'a, mu yi hattara tun kafin abin nan ya zama yayi.

Kalmar "kitse" ce ta fara yaudarar mutane. Statin, wato dangin simvastatin da atorvastatin da rosuvastatin, ba ya rage tumbi, ba ya rage ƙiba. Aikinsa a hanta yake: yana taka wa hantar birki wajen sarrafa kwalastaral, maiƙon da ke taruwa a jijiyoyin jini. Masanin Japan Akira Endo ne ya gano na farko a jikin wata fumfuna, kuma a 1987 Amurka ta amince da sayar da lovastatin.

Gaskiya ne likita kan rubuta shi ga wanda kwalastaral ɗinsa bai hau ba. Mai ciwon suga da ya haura arba'in, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki sakamakon toshewar jijiya, ana ba su. A 2023 wani babban gwaji mai suna REPRIEVE, kan masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki fiye da 7,000, ya nuna pitavastatin ya rage musu manyan matsalolin zuciya da kashi 35 cikin ɗari. Amma duk a kan zuciya da jijiyoyi ake magana. Da aka gwada statin ga masu cutar mantuwa ta Alzheimer, sakamakon 2010 da 2011 ya nuna bai dawo wa kowa da ƙwaƙwalwa ba. Da aka haɗa pravastatin da maganin kansar huhu a Birtaniya, sakamakon 2017 ya nuna bai ƙara wa marasa lafiyar kwana ba. Mai tura saƙo ya tsinci rabin labari ya bar rabi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gamin gambiza. Wa ya san me Hajiyar nan ke sha a gida? Ƙunshin maganin olsa da ake sha na mako ɗaya ko biyu galibi yana ɗauke da clarithromycin, shi kuwa yana hana hanta narkar da simvastatin, sai ya taru a jini. Haka erythromycin da ketoconazole da wasu magungunan ƙanjamau masu ritonavir suke yi. Ko amlodipine na hawan jini, wanda da wuya ka shiga gida ba ka tarar da shi ba, ba a haɗa shi da simvastatin fiye da miligiram 20. In statin ya yi yawa a jini, tsoka ce ke fara rugujewa, abin da ta zubar ya je ya toshe ƙoda. Ba tatsuniya ba ce: a watan Agustan 2001 kamfanin Bayer ya janye wani statin mai suna cerivastatin daga kasuwa bayan an rasa rayuka ta wannan hanya. Mu kuwa da mun ji ciwon jiki sai mu ce gajiya ce ko maleriya, mu ƙara da maganin ciwon jiki, wanda shi ma wani nauyi ne a kan ƙoda.

Mai ciki da mai shayarwa kada su taɓa statin sai likita ya sani. Yana kuma iya ɗan ɗaga suga.

Wanda likita ya rubuta wa, kada ya ajiye saboda wannan rubutu. Ga irinsa amfanin maganin ya fi haɗarinsa nesa ba kusa ba. Ya dai tattara duk magungunansa a leda, har na gargajiya, ya nuna wa likita. Wanda kuma ya fara sha da kansa, ya dakata ya je a duba shi. In cinyoyi da kafaɗu suka yi tsami ba tare da wani aikin ƙarfi ba, ko tashi daga zaune ya gagara, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi, a daina sha nan take, a tafi asibiti a ranar da ledar maganin a hannu.