Sanda, Kebur da Fuli: Yadda Ake Ƙera Injinan Ɗaga Ƙarfe

Ƙarfe hanya ɗaya ya sani, ita ce ƙasa. Ko a kafaɗa ka ɗora shi, ko a ƙirji, ko ka riƙe shi a hannu, ƙasa ce ke jansa, kuma a miƙe take jansa. Jikin ɗan Adam kuwa ba a miƙe yake aiki ba. Gwiwa lanƙwashewa take yi, kafaɗa kewayawa, ƙarfin kowace tsoka kuma yana hawa yana sauka gwargwadon buɗewar gaɓar da take ja. Injinan da suka cika wuraren motsa jiki na zamani, masu kebur da masu sanda, duk ƙoƙari ne na sasanta waɗannan biyun, kuma akasarin wannan aikin yana wuraren da ido bai cika kai wa ba.

Sandar da ake zura wa fayafayan ƙarfe ita ce uwar gidan. A ido rodi ne kawai, amma komai nata a ƙa'ide yake. Ta gasar maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, kaurin wurin riƙonta milimita 28. Ta mata kilo 15 ce, tsawonta mita 2.01, kaurinta milimita 25, domin tafin hannu ya iya zagaye ta. Bakunan biyu da ake zura fayafayai milimita 50 ne, manyan fayafayan kuma faɗinsu ɗaya, santimita 45, ko da nauyinsu ya bambanta. Dalili shi ne kowa ya ɗauki sandar daga tsayi ɗaya a ƙasa. Da launi ake gane su daga nesa: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10.

Abin da ya raba sandar kirki da rodin banza shi ne bakunanta suna juyawa. Idan mai gasa ya fizgo sanda daga ƙasa zuwa kafaɗa, cikin ƙiftawar ido yakan juya wuyan hannunsa ya shige ƙarƙashinta. Da a ce fayafayan a manne suke da sandar, sai ya juya su gaba ɗaya tare da ita, wannan murɗar kuwa a wuyan hannu da gwiwar hannu za ta ƙare. Shi ya sa ake sa boris, ko zoben tagulla mai santsi, tsakanin sandar da bakinta, sandar ta juya a hannu, fayafayan su tsaya abinsu. Kamfanin Kaspar Berg na birnin Nuremberg a Jamus ne ya yi suna da wannan ƙirar, kuma sandarsa aka ɗaga a gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam.

Sai kuma irin ƙarfen. Ana so ya ɗan tanƙwaru idan an labta masa kaya, sannan ya koma ya miƙe sarai. A da sanduna kan lanƙwashe ko su karye a tsakiyar gasa, sai a yi ta sauyawa. Kamfanin Eleiko na garin Halmstad a Suwidin, wanda asalin sana'arsa ƙera kayan gashi na lantarki ne na kicin, ya fara yin sanda a 1957, kuma a gasar duniya ta 1963 a Stockholm sandarsa ta kai ƙarshen gasar ba ta lanƙwashe ba. Har ma nau'in wasa na sauya ƙirar: masu fizga sama sun fi son sanda mai ɗan lilo, masu tsuguno da turin ƙirji kuwa sun fi son mai tauri da kaushi sosai a wurin riƙo, don kada gumi ya sa ta zame.

To, ina gazawar sanda? Ɗauki bokiti cike da ruwa ka rataye hannunka a gefen cinya, za ka iya tsayawa ka yi hira. Miƙe hannun gaba da bokitin nan, ba za ka kai minti guda ba. Ruwan bai ƙaru ba, tazarar da ke tsakanin nauyin da kafaɗarka ce ta ƙaru. Haka yake ga mai naɗo sanda don gina ƙwanji. A farkon motsin, hannu na rataye, kusan babu aiki. A tsakiya, lokacin da hannu ya kwanta daidai da ƙasa, nan ne wuya take. A ƙarshe, sanda ta zo kusa da kafaɗa, ƙashi ne ke ɗauke da ita. Ke nan tsokar na samun cikakken aiki ne a ɗan yanki kaɗan na tafiyar. Ban da wannan, akwai motsin da sanda ba ta da yadda za ta yi da shi sam. Mutum a tsaye ba zai iya jawo ta daga sama zuwa ƙirji ba, ko daga gefe zuwa tsakiya, tunda ita ƙasa kawai take ja.

Nan kebur ya shigo. Nauyin yana nan yana hawa yana sauka a miƙe, amma an ɗaura masa igiyar ƙarfe an ratsa da ita ta kan fuli, wato ɗan gargaren nan mai kwari a tsakiya, sai jan ya fito ta duk inda maƙerin ya ga dama: ta sama, ta ƙasa, ta gefe. Tunanin ya daɗe. Wani likita ɗan Suwidin, Gustav Zander, ya buɗe cibiyar jinya da injinan motsa jiki a Stockholm a 1865, inda ake matsar da nauyi gaba ko baya a kan sanda don ƙara wa majinyaci aiki ko rage masa. Injinan da suka samo asali daga aikinsa sun yi tashe har ta kai ɗakin motsa jiki na jirgin ruwan Titanic yana da doki da raƙumi na lantarki, waɗanda fasinja zai hau su yi ta jijjiga shi. Amma siffar da muka sani yau daga Kalifoniya ta fito. Jack LaLanne, wanda ya buɗe wurin motsa jikinsa a Oakland a 1936, yana cikin na farko da suka haɗa kebur da fuli don masu gina jiki. Harold Zinkin kuma ya fito da injin Universal a 1957: tubalan ƙarfe a jere, wani kan wani, suna zamewa a kan sanduna biyu, da ɗan fil da ake sokawa a ramin tubalin da ake so. A ganina wannan ɗan fil ɗin ya fi kowace ƙira buɗe wa talakan mutum ƙofa. Dattijo, ko mace mai jin nauyin shiga cikin ƙarti, ko wanda ya tashi daga jinya, ba ya buƙatar ɗaukar faifai ko roƙon wani ya tsaya masa.

Sai dai lambar da aka rubuta a jikin tubalin ba lallai ita ce ke isowa hannu ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗin kansu. Idan kebur ɗin a kan jerin tubalan aka ɗaure shi kai tsaye, abin da ka soka shi za ka ja. Idan kuwa a saman jerin akwai fuli mai hawa da sauka tare da shi, kebur ya zagaye shi ya koma sama, to reshe biyu na kebur ne ke raba nauyin. Ka soka fil a kilo 40, kilo 20 ne a hannunka. Ka ja mita guda, tubalan su tashi rabin mita. Wannan ba ha'inci ba ne, da gangan ake yi. Kebur na samun doguwar tafiya ba tare da an yi inji mai tsayin rufi ba, ƙarin tubali ɗaya na zama ƙaramin ƙari da ƙananan tsokokin kafaɗa za su iya ɗauka, sannan tunda tubalan a hankali suke tafiya, ba sa yin tsalle su bar kebur ya saki idan an fizga da sauri. Injin jawo sanda daga sama galibi ɗaya-da-ɗaya ne, masu hannu biyu da ake ɗagawa ana saukewa kuwa galibi biyu-da-ɗaya. Irin wannan lissafin ya shafi injin turin ƙafa da ke kishingiɗe a kan kusurwar digiri 45: kashi 71 cikin 100 ne kawai na abin da aka ɗora ke dannowa ta layin turin, wato kilo 200 na komawa kamar 141, ban da nauyin keken da ake ɗora kayan a kai. Saurayin da ke cika baki da abin da ya tura a can, a gwada shi da tsuguno da sanda a kafaɗa.

Wanda ya tunkari matsalar bokitin nan gadan-gadan shi ne Arthur Jones, mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa da kaifin baki. A 1970 ya kai wani ƙaton inji wurin gasar Mr. America a Culver City. Maimakon fuli zagayayye, ya sa wani faifai mai siffar katantanwa, gefe guda nesa da tsakiya, gefe guda kusa. Sarƙar da ke riƙe da nauyin tana naɗewa a bakinsa. Inda bakin ya yi nisa da tsakiya, juya shi na wuya. Inda ya matso, yana sauƙi. Sai maƙeri ya sassaƙa faifan yadda wuyar za ta faɗo daidai inda tsoka ta fi ƙarfi. Kamannin faifan da kwanson wata halittar teku ne ya ba kamfanin sunansa, Nautilus. Dabara ce mai kyau, amma tana da gurbi: faifan na mutum matsakaici ne, alhali dogo da gajere ba su da ma'auni ɗaya. Kuma alƙawarin da masu talla suka yi ta yi, cewa inji zai kori sanda, bai cika ba. Binciken da ya kwatanta su bai nuna wani babban bambanci ba wajen girman tsoka. Ƙarfin mutum kuwa ya fi bayyana a kan irin kayan da ya saba da su.

Akwai kuma ɗan tsakani, injin Smith, wanda sanda ce ta gaske amma an ɗaure ta a kan dogo biyu, sama da ƙasa kawai take zuwa. LaLanne ne ya fara haɗa irinsa, Rudy Smith, manajan wani wurin motsa jiki a Los Angeles, ya sa aka gyara shi a shekarun 1950, sunan ya bi shi. Yana da ƙugiyoyi da ake maƙalawa da ɗan juya wuyan hannu, kuma a wasu ana rataye wa sandar nauyi ta baya, saboda haka ba ta kai kilo 20 ba. Amfaninsa a fili yake ga mai atisaye shi kaɗai. Illarsa biyu ce. Sanda a hannun mutum ba ta tafiya a miƙe ƙyam, musamman a turin ƙirji, shi kuwa injin sai jiki ya bi layinsa. Ta biyu ta fi haɗari: sandar da ke kan dogo ba a iya karkatar da ita gefe a zame. Idan ƙarfi ya ƙare kafin ƙugiya ta kama, madogaran da ke can ƙasa ne kaɗai ceto, kuma sau da yawa za ka tarar ba wanda ya damu ya daidaita su. Hakan ma ya shafi kejin ƙarfe da ake tsuguno a ciki: sakatun nan biyu na gefe su ne dalilin yin sa.

Wannan magana ta shafe mu, domin a garuruwanmu kayan waje sun yi tsada, masu walda ne ke ƙera benci da keji har da injin kebur, samari kuma na kwaɓa siminti a gwangwanin fenti su soka bututu. Ba abin raini ba ne, ƙwanji bai san tambarin kamfani ba. Matsalar ita ce daga hoto ake kwafa, hoto kuwa siffa kawai yake nunawa. Rodin gini idan ya lanƙwashe ba ya dawowa, bututun ruwa kuma yana iya lanƙwashewa ko karyewa. Gwangwani biyu na siminti da wuya su zo nauyi ɗaya sai an ɗora su a sikeli, kuma bambancin a kafaɗa ɗaya da gefe ɗaya na ƙugu yake taruwa. Injinan kasuwa masu ƙwari da bututu mai kusurwa huɗu ake yin su, kaurin bangonsa kamar milimita 3, gindinsu a buɗe, dogayen kuma a ɗaure da daɓe don kada su kife. A injin miƙe ƙafa, wurin da hannun injin ke juyawa dole ya yi saiti da tsakiyar gwiwar mai zama. Idan ya kauce, matashin da ke bakin hannun injin zai riƙa gogar ƙwauri sama da ƙasa, gwiwa na shan jan da ba nata ba. Shi ya sa kujera da majingina ke buƙatar ramukan matsarwa, ba a like su da walda wuri guda ba.

Kebur ɗin kansa ya fi komai buƙatar ido. Wanda ya dace igiyoyi 7 ne aka tufka, kowace da siraran wayoyi 19, jimla 133, aka lulluɓe da roba mai tauri. Yawan siraran wayoyin ne ke ba shi laushin bin fuli. Fuli ƙarami na tilasta masa lanƙwasa mai tsanani sau dubbai, wayoyin su yi ta tsinkewa ɗaya bayan ɗaya a cikin robar, don haka injinan kirki ke amfani da mai faɗin santimita 9 zuwa 11, mai boris a ciki. Ƙurar hunturu na da nata aikin: idan aka shafa giris mai kauri a sandunan da tubalan ke zamewa, ƙura ta manne ta zama tamkar yashi, nauyin ya riƙa cijewa a hawa yana sauka da tangarɗa. Gogewa da tsumma da ɗan man silikon mara danƙo ya wadatar. Wuraren dubawa su ne bakin kebur inda aka matse shi da maɗauri, da sassan da ke yawan kaiwa da komowa a kan fuli. In robar ta tsage, ko ta kumbura, ko waya ta leƙo, a sauya kebur ɗin gaba ɗaya, kada a ƙulla shi ko a naɗe da salatif. Yakan tsinke ne a daidai lokacin da ake jansa da iyakar ƙarfi, kuma mai jawo sanda daga sama, a fuska ko a ƙeya take samunsa.