Karkarwar hannu da gigin tsufa: abin da alƙaluma ke faɗa

A unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, in hannun dattijo ya fara karkarwa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, sai a ce ai tsufa ne. Sau da yawa kuwa cutar Parkinson ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. Bayan karkarwa, cutar kan taɓa tunani, kuma a nan ne alƙaluma ke firgita mutane.

Adadin da aka fi yawo da shi shi ne cewa kashi 83 cikin ɗari na masu cutar kan samu gigin tsufa. Daga Sidni ta Ostireliya ya fito a 2008, inda aka bi marasa lafiya 136 har shekara 20. Kafin lokacin 100 sun rasu, don haka kashi 83 ɗin na 'yan tsirarun da suka rage ne, tsofaffi tukuf. Wanda aka gano masa cutar bana ba ya cikin wannan lissafi. Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Ibadan, shi ma a 2008: cikin marasa lafiya 51, kusan kashi 22 sun nuna raunin tunani, a masu lafiya kuwa kashi 4.

Me ya sa wani ke ruɗewa wani bai ruɗe ba? Hotunan MRI da aka nazarta a 2018 sun nuna cewa wani ɗan gungun ƙwayoyi a gindin ƙwaƙwalwa, mai samar da sinadarin da ke riƙe hankali da tunawa, kan fara motsewa tun kafin mantuwa ta bayyana. Sai dai wannan matsakaicin sakamakon rukuni ne. Hoton bai isa ya faɗi makomar Baba shi kaɗai ba.

Ga kuma ƙarancin na'urar. Wata ƙidaya da aka buga a 2018 ta samu MRI 58 kacal a duk Najeriya, wato ƙasa da ɗaya ga mutum miliyan uku, yawancinsu ma marasa ƙarfi ne.

Gwajin tunani na takarda da biro kuwa bai wuce 'yan mintuna ba. In Baba ya fara ɓata a lissafin kuɗin cefane ko yana ganin abin da babu, ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ku faɗa wa likita wannan ma, kada ku tsaya kan karkarwa.