Watannin farko a wurin koyon taikwando, judo ko karate

Duk wanda ya taɓa zama ajin yaƙi da jahilci bai manta makon farko ba. Mutum ya zo da niyyar rubuta wasiƙa, sai malami ya miƙa masa alli ya ce ya ja layi, ya zana da'ira. Yatsu su yi tsami, zuciya ta ce ɓata lokaci ne. Haka koyon wasannin kare kai yake farawa, kuma yawancin masu bari a wannan lokaci suke bari, domin ba a gaya masu abin da za su tarar ba.

Daga ina wasannin suka zo?

Judo da karate daga ƙasar Japan suka fito. Wani malami mai suna Jigoro Kano ne ya kafa judo a 1882. Wasa ne na riƙo da kayarwa, ya yi kama da kokawarmu. Karate na hannu ne da ƙafa. Taikwando kuwa daga Koriya yake, kuma ƙarfinsa a shuri yake. Da shi ne Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya samo wa Nijar lambar azurfa a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, shekara 44 bayan lambar tagulla da ɗan dambe Issaka Daboré ya ciwo a 1972. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya. Amma wanda ya gan shi a talabijin, ƙarshen aikin ya gani.

Ranar farko

Ba za ku yi faɗa da kowa ba. Za a ce ku cire takalma, da zobe, da agogo, da ƴan kunne, ku shiga layi a baya. Manyan ɗalibai suna gaba, sabon shiga yana ƙarshe, ko da ya haifi waɗanda ke gabansa. Magidanci yakan ji nauyin wannan, musamman idan yaro ɗan shekara 12 ne aka sa ya gyara masa tsayuwa. A wannan fili, daɗewa a koyo ita ce girma.

Ana farawa da ɗumama jiki: ɗan gudu, tsalle, miƙe jijiyoyi. Daga nan sai tsayuwa, wato inda za a ajiye ƙafafu da yadda za a lanƙwasa gwiwa. Sai naushi ɗaya ko shuri ɗaya, a cikin iska, a yi ta maimaitawa. Malami yana ƙirga da harshen masu wasan. A taikwando za ku ji "hana, dul, set", a judo da karate "ici, ni, san". Ɗaya, biyu, uku ke nan, ba wani sirri a ciki. Cikin mako biyu kunne ya saba.

Akwai kuma gaisuwa ta sunkuyar da kai ga malami da abokin karawa. A wurin mutanen Japan da Koriya, gaisuwa ce ta ladabi. Wasu iyaye a nan ba su sakin jiki da ita. Wanda abin ya dame shi, gara ya yi magana da mai koyarwa tun kafin ya sa sunansa.

Koyon faɗuwa

Mu a ƙasar kokawa muka tashi. Tun daga gasar takobi ta farko, wadda aka yi a Tawa a 1975, abin da ake kallo a fage shi ne wa zai tsaya, wa bayansa zai taɓa ƙasa. Yaro tun yana wasa a rairayi ya san faɗuwa abin kunya ce. Shi ya sa ɗan Nijar yakan yi mamaki idan ya shiga judo, ya ga an shafe makonni ana koya masa faɗuwa kafin a nuna masa yadda ake kayarwa.

Dalili kuwa a fili yake. Wanda aka ɗaga aka yar, in bai iya faɗuwa ba, hannu yake miƙawa ya tare ƙasa. Nan ne wuyan hannu ke karyewa, ko kafaɗa ta goce. Sai a koya masa ya manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya lanƙwasa baya, ya mari shimfiɗa da dukan tsawon hannunsa don nauyin ya bazu. Ana farawa daga kwance, sai daga tsugune, sannan daga tsaye. A ganina, ko da mutum bai zarce wata uku ba, wannan darasi kaɗai ya biya wahalarsa. Mai hawan babur, da mai hawa tsani yana yaɓe, duk wata rana za su buƙace shi.

Wani abin da ake koya da wuri shi ne sallamawa. Idan riƙo ya yi zafi, sai mutum ya buga hannu sau biyu a jikin abokinsa ko a ƙasa, shi kuma dole ya saki nan take. Mai taurin kai da ya ƙi bugawa, gwiwar hannunsa ce za ta biya.

Ciwon da ba komai, da ciwon da ke son likita

Kwana ɗaya ko biyu bayan darasin farko, cinyoyi da kafaɗu za su yi tsami, har tsugunawa ta yi wuya. Wannan ba rauni ba ne. Yakan fi tsanani a kwana na biyu ko na uku, kuma ya wuce kafin mako. Tafiya da motsa jiki a hankali sun fi kwanciya amfani.

Ciwon da ya soki gaɓa farat ɗaya, ko gwiwa ta kumbura, ko ƙafa ta ƙi takuwa, wannan daban ne. A tsaya, a je likita. Haka idan an bugu a kai, sai jiri, ko amai, ko ciwon kai, ko mantuwa suka biyo baya: ba a komawa fili a ranar, ko da mutum ya ce ya ji sauƙi. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko fuka, ko farfaɗiya, ko amosanin jini, ya ga ma'aikacin lafiya tukuna, sannan ya gaya wa mai koyarwa gaskiyar halinsa.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40. A zo da ruwan sha, a sha kafin a fara, da tsakiya, da bayan an gama. Fitsari ya yi ja ja, alama ce jiki na son ruwa. Da azumi, horo mai nauyi sai bayan buɗa-baki. A yanke farce, a wanke kayan wasa, domin makero yana yaɗuwa ta jiki da ta shimfiɗa. Wanda ya ce a sha tramol don a daina jin gajiya, cuta yake sayarwa. Ƙwayar tana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, tana sa farfaɗiya, kuma barinta yana da wuya.

Ɗamara

Sabon shiga da farar ɗamara yake farawa. Bayan wasu watanni akan yi jarrabawa, a canza launi. Baƙar ɗamara takan ci shekara uku zuwa biyar ga mai zuwa a kai a kai. Kada a gaggauta sayen kaya. Wando mai faɗi da riga sun isa a makonnin farko, har a ga ko za a dore.

Kada kuma wanda ya yi wata uku ya ɗauka zai iya da mai wuƙa. In an tare shi ana son wayarsa, ya bayar. Malami na ƙwarai da kansa zai faɗi haka.

Kafin a biya kuɗi

A je a zauna a kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. A duba ko akwai shimfiɗa mai taushi inda ake kayarwa, ko kuwa a kan siminti ake yi. A duba ko ana haɗa ƙarami da babba, ko sabo da gwani, a bar su su daku. Akwai masu koyarwa da ke dukan yara da sanda ko ɗamara, suna cewa haka ake yin jarumi. Duka ba ya cikin darasin ko ɗaya daga wasannin nan. A tambayi malamin inda ya koya, da ko ƙungiyarsa tana ƙarƙashin hukumar wasan ta ƙasa.

Ƴan mata ma suna yin waɗannan wasanni, kuma kayan suna rufe hannu da ƙafa. Iyayen yarinya su tambaya da wa za a haɗa ta, a ina za ta canza kaya, da ƙarfe nawa ake tashi, da wanda zai rako ta gida in dare ya yi. Wurin da aka hana uwa ko uba zama su kalla, kada a bar yaro a can.