Kirkissoye: wa ke da haƙƙin ruwan ƙarƙashin ƙasa idan fari ya zo?

Unguwar Kirkissoye, a cikin da'ira ta biyar ta birnin Yamai, tana bakin kogin Isa, amma duk lokacin bazara sai ka ga jerin bidoni a bakin pampo da ƴan garuwa suna kai da komo. Wannan ya sa masu hali da dama suka koma haƙa foraji a gidajensu, abin da ke tayar da tambaya: ranar da ruwan ya ja baya, wa zai fara sha?

Ruwan pampon Yamai daga kogi yake fitowa. Ana tace shi a tashoshin Gudel da Yantala, kamfanin SPEN ke riƙe da kayan aiki, sannan NDE ke rabawa tun watan Janairun 2024, bayan ya gaji SEEN. Kogin kuwa yana ƙanƙancewa a watannin Mayu da Yuni. A shekarar 1985 ma ya daina gudu a Yamai, dalilin da ya sa aka gina shingen tare ruwa na Gudel a 1989.

Ruwan ƙasa ba shi da yawa a ɓangaren Harobanda. Ƙarƙashin yashi da lakar kogi akwai dutse mai tauri, ruwa na taruwa ne kawai a cikin tsagoginsa. Rijiyoyi marasa zurfi kuma suna bin kogi: in ya cika su cika, in ya janye su janye. Foraji biyu da suka faɗa tsagi ɗaya, mai injin da ya fi ƙarfi na iya ƙafar da na maƙwabcinsa.

A yammacin Amurka, wanda ya riga fara amfani da ruwa shi ke da fifiko lokacin fari, na baya ya jira. Dokar Nijar ta bi wata hanya. Kundin dokar ruwa na 1 ga Afrilun 2010 ya ɗauki ruwa a matsayin dukiyar ƙasa, ya sa ruwan sha gaba da sauran buƙatu, ya kuma tanadi sanar da hukuma ko neman izini kafin a haƙa. Ke nan tsufan foraji ba ya ba mai shi ikon hana unguwa sha. Ko makiyayan da dokar karkara ta 1993 ta ba fifiko a yankin zamansu, ba ta ba su damar hana wasu shayar da dabbobi ba.

Barazana ta biyu ita ce ƙazanta. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun mamaye unguwannin ƙetaren kogi, kuma ruwan da ya ratsa masai yakan gangara cikin rijiya.

Abin yi a fili yake: hukumar da'ira ta san adadin forajin da ke unguwa da zurfinsu, a riƙa auna matakin ruwa kowace bazara, a nisanta masai da rijiya, a kuma zauna da manoman shinkafa na fadamar Kirkissoye da masu lambu a tsara rabon ruwa tun kogi na cike. Madatsar Kandaji, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2008 don riƙe wa kogin ruwa a rani, har yanzu ana jiran ta.