Yadda ake auna ruwan shato ba tare da an hau ba

Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya mai zurfi ya yi magana, ya ji muryarsa ta dawo masa. In ruwa na kusa, amsar ba ta daɗewa. In yana can ƙasa, sai ta ɗan jinkirta. Da irin wannan dabara ce na'urar da ake kira radar take auna ruwa.

Ana kafa ta a saman tanki, bakinta yana kallon ƙasa. Tana aika igiyoyi irin na rediyo da salula, amma gajeru ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, kunne ba ya ji. In suka bugi fuskar ruwa, sai su dawo. Gudunsu daidai yake da na haske, kilometir 300.000 a sakan ɗaya. Na'urar tana ƙidaya lokacin tafiya da dawowa, ta gane nisan da ke tsakaninta da ruwan.

Sauran aikin lissafi ne da mai karatu ya iya. A ce zurfin tanki metir 5 ne, radar kuma ta sami metir 2 daga sama zuwa ruwa. A ɗebe 2 daga 5, saura 3: ruwan ya kai metir 3 ke nan.

Tun shekarun 1930 ake amfani da radar don hango jiragen sama. A shekarun 1970 aka fara sa ta cikin tankunan jiragen ruwa masu dakon mai. Amfaninta ga gari kuwa a fili yake. Mai kula da shato ba sai ya hau tsani da sanda ba, inda faɗuwa ɗaya ke iya raba shi da ransa. Zai san lokacin kashe inji kafin ruwa ya malala, gazuwal ya tafi a banza.

Sai dai tana da sharaɗi. Ruwa yana mayar da igiyoyin sosai, amma esansi da gazuwal suna mayar da kaɗan ne, kumfa mai kauri kuma tana iya ruɗa ta. Kada a kafa ta dab da bango, ko saitin bututun da ke zubo ruwa, domin za ta ɗauki zubowar a matsayin fuskar ruwan. A riƙa duba bakinta, saboda zanzaro ba ya raina wurin gini. Kada kuma a yar da tsohuwar sandar awo: lokaci-lokaci ma'aikacin da ya san aikin ya gwada da ita, a ga ko lambar da na'urar ta nuna ta yi daidai.