Tuƙin Jirgin Sama Cikin Hazo: Yaushe Ake Koyo, Me Yake Ci?

Mu mutanen Jibiya ba a ba mu labarin hazon hunturu. Akwai ranar da mutum zai tsaya a Magama ya dubi hanyar Maraɗi, ba ya ganin mota sai ta iso gabansa. Direba yakan ratse gefen titi ya jira. Matuƙin jirgin sama kuwa ba shi da wurin ratsewa. Shi ya sa nake so in yi wa 'yan'uwana masu sha'awar wannan aiki, da iyayenmu masu biyan kuɗin, bayanin shaidar tuƙi da na'ura.

Lasin farko ana ba da shi daga shekara 17, bayan an yi awa 40 a sama, amma mai shi da ido yake tafiya, watau sai yana ganin ƙasa. Lasin neman abinci kuwa sai an cika shekara 18 da awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. Duk da haka kamfani ba zai ba ka jirgin fasinja ba sai ka iya bin agogunan gabanka kaɗai, cikin gajimare ko ƙura. Ƙa'idar hukumar ICAO ita ce awa 40 na koyon wannan, bayan awa 50 na tafiya gari zuwa gari kana shugaban jirgi.

To, yaushe ya kamata a yi? A ganina, tsakanin lasin nan biyu. Dalili kuwa, awoyin da ka yi a sama kana koyon na'ura za su shiga lissafin 200 ɗin nan, ka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu ke nan. Wanda ya bari sai daga baya, sabon kuɗi zai fitar. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, haɗe su take yi cikin kwas guda.

Kuɗin kuwa da awa ake lissafa shi: hayar jirgi, mai, da ladan malami. Mai da kayan gyara farashinsu dala yake bi, kuma duk wanda ya taɓa zama wurin 'yan canjin sefa ya san abin da wannan ke nufi. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a banki ba, a 2024 ta haye 1,500. Sauƙin da ake samu shi ne ana iya yin har awa 30 daga cikin 40 ɗin a na'urar kwaikwayon jirgi da ke ƙasa, wadda ba ta shan mai.

Iyaye su lura da abu guda. Kada a fara sai kuɗin kwas ya haɗu, don yaron da ya tsaya wata shida yana jiran a sayar da shanu, hannunsa zai mutu, sai ya maimaita awoyin da aka riga aka biya. Shaidar ma ba ta dindindin ba ce, kowace shekara sai an sake jarrabawa, an sake biya.